Kashi ya toshe duburar ɗan tsako: mi za a yi?

 Ga bayani kan wata ƴar matsala da ke kashe ƴan tsaki da yawa cikin sati biyu na farkon rayuwarsu, alhali maganinta yana cikin gidanku.

Yadda za ku gane ta

Ɗan tsako ƙofa guda gare shi ta fidda kashi, ƙarƙashin wutsiya. In kashin ya yi danƙo, sai ya manne ga gashin wurin, ya bushe, ya toshe ƙofar. Ɗan tsako ya yi ta yunƙuri, ba abin da ke fita. Sai ya daina ci, ya saki fukafukai, ya yi ta kuka. In ba a buɗe mashi ba, yana iya mutuwa cikin kwana guda ko biyu.

Don haka, safe da marece, ku ɗauki kowane ɗan tsako ku duba bayansa. Amma ku lura: ƙasa da dubura, wajen ciki, akwai cibiya, wani lokaci da ɗan ɓawo bisa. Wannan ba kashi ba ne. Kada ku ɓamɓare shi, don ɗan tsako na iya mutuwa.

Abin da ke kawo ta

Mafi yawa sanyi ne, ko zafi mai yawa, ko ƙishirwa, ko wahalar tafiya. Waɗanda ke ƙarƙashin uwarsu ba su cika samun ta ba, don kaza ta san ɗumin da ɗiyanta ke bukata. An fi ganin ta ga ƴan tsakin da anka sayo cikin kwali, sunka sha hanya cikin mota, da marayun da shaho ko ciwo ya raba da uwa, da kuma ɗiyan zabbi na damana in ruwa ya duke su.

Yadda ake magani

1. Ku ɗumama ruwa kaɗan, kamar na wankan jariri.
2. Ku jiƙa tsumma mai tsabta, ku ɗora bisa kashin har ya yi taushi, sannan ku share sannu sannu. Kada ku fizge shi a bushe: yana fita da gashi da fata, wurin ya zama miki, sauran su yi ta tsattsagarsa.
3. Bayan kaɗai za ku jiƙa. Kada ku tsoma ɗan tsako duka cikin ruwa.
4. Ku tsane shi da busasshen tsumma, ku aje shi wurin ɗumi har gashin ya bushe sarai.
5. Ku shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗe ga wurin, don wani kashin kada ya kama.
6. Ku wanke hannuwanku da sabulu. Kashin kaji na ɗauke da ƙwayoyin ciwon zawo, balle ga yara ƙanana.

Ku sake duba shi kullum har kwana uku ko huɗu, don abin yakan dawo.

Rigakafi

Wanki kaɗai bai isa ba, sai an gyara abin da ya kawo matsalar.

Ɗumi: satin farko, ƴan tsaki marasa uwa na bukatar digiri 32 zuwa 35, kuma kowane sati a rage kamar digiri 3. Ko babu ma'aunin zafi, su da kansu za su gaya maku. In sun dunƙule kusa da fitila suna kuka, sanyi suke ji. In sun guje mata, baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun watsu suna ci suna sha, daidai ne. Lokacin ɗari ku kare su daga iska, ku shimfiɗa masu busasshiyar ƙaiƙayi. Lokacin bazara ku ba su inuwa. In da garwashi kuke ɗumama su, ku bar ƙofar iska, don hayaƙin gawayi na kisa.

Ruwa: ɗan tsako na fitowa daga ƙwai da guzurin gwaiduwa cikin cikinsa, wanda ke riƙe shi kamar kwana uku. Don haka in kun kawo su gida, ruwa ne farko, abinci daga baya. Ku tsoma bakin kowane guda cikin ruwan don ya koya. Ku sa ruwan cikin faranti marar zurfi, da ƴan duwatsu ciki, ku canja shi kullum.

Abinci: ɓarzajjen hatsi ko dawa mai laushi, da gara, da ɗan rairayi mai tsabta don niƙa cikin ƙundu. Ban da sauran tuwo mai tsami, ban da dusa mai fumfuna.

Yaushe za a nemi likitan dabbobi

In kun ga da yawa sun kamu tare, kashinsu fari kamar alli, suna mutuwa bi da bi, wannan ciwo ne, kuma yana iya fitowa daga uwa ta cikin ƙwai. Haka in kun ga jini cikin kashi. Ku ware marasa lafiya, ku binne waɗanda sunka mutu, ku je wurin ma'aikacin kiyo na garinku. Kada ku sayi ƙwayoyi ga kasuwa ku ba su da ka.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabtansa, musamman mata da yara, su da ke ɗawainiyar kaji. Allah ya sa albarka ga kiyonmu.