Idan Kwamfuta Ta Cije Ana Tsakiyar Sabunta Ta

'Yan'uwa ɗalibai, akwai babbar manhajar kwamfuta mai suna FreeBSD da ake iya sabuntawa daga tushe. Mutum zai sauko da rubutunta na asali, ya harhaɗa shi da umarnin make buildworld, sannan ya girka da make installworld.

Wajen girkawar ne ake yawan cijewa. An saba sake kunna kwamfutar a yanayin mutum ɗaya, inda faifan ke buɗewa don karatu kawai. Sai allo ya nuna "Read-only file system". Wannan ba ya nufin faifan ya lalace. A tsarin UFS, a fara duba lafiyarsa da fsck -p, a ba shi damar karɓar rubutu da mount -u /, sannan a haɗa sauran sassan da mount -a.

Kada a juya jerin, domin gyaran fsck a faifan da ake rubutu a kansa yana iya ɓata fayiloli. In kuwa "No space left on device" ya fito, wuri ne ya ƙare, kuma df -h zai nuna sashen da ya cika.

Kafin a fara, a kwafe muhimman fayiloli a wani wuri daban. Rigakafi ya fi magani.