Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Bayani A Kan Koya Wa Malaman Jami'a Hanyar Koyarwa

Akwai wani al'amari cikin sha'anin ilmi wanda in mutum ya tsaya ya dube shi da kyau zai ba shi mamaki. A ƙa'ida ba a danƙa wa mutum ajin yara na makarantar firamare sai ya yi shekaru yana koyon aikin malanta, an kai shi aji an ga kamun ludayinsa. Don haka aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina tun cikin 1921. Amma a jami'a, inda a ke ganin nan ne ƙololuwar karatu, sai a ɗauki saurayi wanda bai daɗe da ajiye alƙalamin jarrabawa ba, a miƙa masa alli, a nuna masa ɗaki cike da ɗalibai, a ce ya shiga. Ba mai tambayarsa ko ya taɓa koyar da ko da mutum guda. Takardar digirinsa kurum a ke dubawa, alhali kuwa ita shaidar sani ce, ba ta ce kome ba game da iya sanar da wani.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana inda wannan hali ya samo asali, da abin da masu bincike suka gano, da kuma abin da Sashen Hausa zai iya yi da ɗan abin da ke hannunsa.

Asalin Al'amarin

Jami'o'inmu na farko a kan tsarin Ingila aka gina su. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe cikin 1948, ƙarƙashin Jami'ar Landan ta fara, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta biyo cikin 1962. Tare da tsarin muka gaji lacca. Ita kalmar lacca asalinta daga Latin ne, ma'anarta kuwa karantawa, domin a zamanin da a Turai, kafin a sami injin buga littafi, malami ne ke da littafin, ya karanta, ɗalibai su rubuta. Littattafai sun yawaita, har ga shi yau suna cikin wayar hannu, amma al'adar shifta ba ta gushe ba.

Mun kuma gaji wani abu, watau yi wa malami ƙarin girma bisa yawan abin da ya wallafa. Wanda ya kwana yana gyara takardun ɗalibai ba ya ganin ladan wannan cikin takardar ƙarin girmansa, wanda kuwa ya rufe ƙofa ya rubuta maƙala shi ke hawa. To, mutum inda ya ga riba nan ya ke zuba jarinsa.

Kada mai karatu ya zaci koya wa malami koyarwa baƙon abu ne a ƙasar Hausa. A makarantun ilmi na zaure, ɗalibi ya kan shekara da shekaru gaban malaminsa. Yana ɗaukar nasa karatu, yana kuma jin yadda a ke ba waɗansu, yana ganin inda malam ke tsayawa ya warware, da inda ya ke wucewa. In ya yi nisa sai a ba shi ƙanana ya riƙa yi musu ƙari a gaban idon malam, kafin a yi masa izini ya buɗe nasa zaure. Haka kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta horar da jajis, ta naɗa musu malfa, suka shiga ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. Ashe magabata sun san malanta sana'a ce, sai an zauna gaban gwani a ke iya ta.

Abin Da Masu Bincike Suka Gano

Jami'ar Michigan ta Amurka ta kafa cibiya musamman don binciken koyo da koyarwa cikin 1962, daga nan irin waɗannan cibiyoyi suka bazu. Ga abubuwa uku daga cikin abin da aka tabbatar.

Na farko, wata malama Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta saurari darussa masu yawa da aka ɗauka a faifai, ta bayyana cikin 1972 cewa malami in ya yi tambaya, galibi bai fi daƙiƙa guda ya ke jira ba sai ya amsa da kansa ko ya nuna wani. In aka koya masa ya jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi su yi tsawo, masu amsawa su ƙaru, har waɗanda ba a saba jin muryarsu ba su yi magana. A makarantun yara ta yi aikinta, amma duk wanda ya zauna a ɗakin lacca ya san cutar ɗaya ce.

Na biyu, Marton da Saljo na Jami'ar Gothenburg a ƙasar Suwidin sun nuna cikin 1976 cewa ɗalibai iri biyu su ke tunkarar karatu. Waɗansu suna neman ma'ana, waɗansu suna haddace kalmomi don su amayar. Suka kuma ga irin tambayar da ɗalibi ke tsammanin za a yi masa tana juya yadda zai yi karatun. Watau in ɗalibanmu sun zama aku, sai mu duba takardun jarrabawarmu tukuna kafin mu zarge su.

Na uku, cikin 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da lissafi da injiniya na jami'o'i. Inda malami ke lacca zalla, kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa. Inda a ke sa su aiki da tattaunawa cikin aji, kimanin kashi 22 ne. Ba a azuzuwan harshe aka auna wannan ba, amma nahawu da ilmin furuci ba su rasa kama da lissafi, domin duka ƙa'idodi ne da sai an yi aiki da su su ke zama.

Hanyoyi Huɗu

Hanya ta farko ita ce gwajin ƙaramin darasi, wadda Dwight Allen da abokansa suka fara a Jami'ar Stanford cikin 1963. Malami ya koyar da abu guda tak na minti biyar ko goma gaban mutane kaɗan, a ɗauki hotonsa, a zauna a duba tare, ya gyara, ya sake. Da can sai da manyan na'urori. Yau wayar hannu ta isa. Malamin da ya ga kansa yana magana da allo, ya juya wa ɗalibai ƙeya har darasi ya ƙare, ba ya bukatar dogon wa'azi. Gani ya kori ji.

Ta biyu ita ce malamai biyu su yi yarjejeniya, kowa ya shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna a baya. Mai ziyara ba alƙali ba ne. Aikinsa ya rubuta abin da ya faru: tambaya nawa aka yi, su wa suka amsa, yaushe na bayan aji suka fara hamma. Sharaɗinta shi ne abin da aka gani ya tsaya tsakaninsu, kada ya shiga fayil ɗin kowa. Ran da aka mai da ita hanyar kama laifi, ran nan ta mutu.

Ta uku ita ce sa ɗalibai su koya wa juna, yadda Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, ya fara a farkon shekarun 1990. Bari mu kawo ta cikin fanninmu. Malami na son koyar da karin sauti da tsawon wasali. Maimakon ya shifta ma'anarsu, sai ya rubuta kalmar fara a allo, ya ce akwai fara ƙwaro, da fara ta farawa, da fara ta launi, ya tambaya wace ce wasalinta na farko gajere ne. Kowa ya ɗaga yatsu gwargwadon zaɓinsa. In aji ya rabu, sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda suka saɓa, su furta, su yi gardama minti biyu, sa'an nan a sake ɗaga yatsu. Daga nan a wuce ga kuka na hawaye da kuka itaciya, inda wasula ɗaya ne, kari ne ya bambanta. Ɗalibi ya ji ƙa'idar a bakinsa kafin a ba shi sunanta. Wannan hanya kuwa ba ta son lantarki, kuma yawan ɗalibai ba ya hana ta.

Ta huɗu ita ce malamai su taru su duba tambayoyin jarrabawa. Benjamin Bloom da jama'arsa sun jera matakan sani cikin 1956, tun daga tunawa, da fahimta, da aiki da abin da aka sani, har zuwa ƙwanƙwancewa, da haɗawa, da yanke hukunci. In aka ce ɗalibi ya lissafa azuzuwan aikatau bakwai na Parsons, tunawa kurum aka nema. In aka ba shi saya, da sayo, da saye, da sayar, aka ce ya bayyana abin da ya sauya a ma'ana da dalilinsa, an kai shi mataki na gaba.

Uzurin Masu Ƙi

Wani zai ce, "Shekara ashirin ina koyarwa, me ya rage a koya mini?" Amsa ita ce daɗewa ba ta gyara kuskuren da ba a gani ba, sai ma ta ƙarfafa shi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Wani kuma zai ce ɗalibai sun yi yawa, albashi bai isa ba, yajin aiki ya tsuke zangon karatu. Wannan gaskiya ce, ba kuwa wata dabarar koyarwa da za ta gina ɗakin lacca ko ta biya bashin albashi. Amma ɗalibin da ke gabanmu bana ba zai jira a gyara ƙasa ba. Shekararsa huɗu ce, in ta wuce ta wuce, kuma da yawa cikin masu digirin Hausa aji su ke komawa, su koyar kamar yadda aka koyar da su.

Akwai kuma masu cewa an sha yin taron bita ba a ga kome ba. Su ma suna da hujja. Taron kwana biyu a otal, a ci, a sha, a karɓi takardar halarta, ba ya sauya halin da aka shekara goma a kai. Abin da ke sauya hali shi ne gwaji, da gyara, da maimaici.

Abin Da Ya Kamata

A Ingila, rahoton Dearing na 1997 ya ba da shawara jami'o'i su shirya wa malamansu horon koyarwa wanda aka amince da shi, har ya zamana jami'o'i da yawa suna ɗora wa sabon malami wannan kafin a tabbatar da shi. A nan Nijeriya, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya ɗauki nauyin malamai masu yawa zuwa digiri na biyu da na uku. Wannan alheri ne, sai dai digirin bincike bai tsaya a madadin koyon koyarwa ba. Har wa yau, sabon tsarin manhaja da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Wanda aka ce ya tsara darasi, lalle ne ya san yadda a ke tsara shi.

Saboda haka ga shawara uku ga Sashe. Kowane sabon malami a haɗa shi da wani babba na tsawon shekara guda, su riƙa shiga ajin juna. Cikin tarukan ƙara wa juna ilmi da a ke yi, a ware ɗaya kowane zango don koyarwa kaɗai, manya su fara miƙa kansu a duba, domin in farfesa ya yarda a gyara masa, ƙaramin malami ba zai ji kunya ba. Sa'an nan shugabannin sassa su kai maganar Majalisar Dattawan Jami'a, a ba kyakkyawar koyarwa maki bayyananne wajen ƙarin girma.

Biyun farko ba su bukatar ko kwabo, sai niyya da sauke girman kai. Allah ya sa mu amfana da abin da muka sani, mu kuma amfanar.