Injin da Ke Ba da Shaidar Aikinsa

Duk wanda ya san masana'anta ya san cewa bayan ƙarfe da wuta da hannuwan ma'aikata, akwai abu na huɗu wanda in babu shi sha'ani ba ya daidaita, shi ne sanin haƙiƙanin abin da ya gudana a gaban inji: guda nawa aka ƙera, nawa suka fito da aibi, yaushe injin ya tsaya, kuma mene ne musabbabi. A tsohuwar al'ada, ma'aikaci ne ke rubuta wannan a takarda in lokacin tashi ya yi, alhali gajiya ta riga ta cim masa, shugaban sashe ya tattara, akawu ya kwafe, sa'an nan labari ya isa ga manaja bayan kwana ɗaya ko biyu. Malaman hadisi sun daɗe da fahimtar cewa gwargwadon tsawon isnadi, gwargwadon ƙofofin da kuskure ke shigowa, ko da kowane mai riwaya amintacce ne.

Galibi abin da ke salwanta a wannan hanya ƙananan tsaiko ne. Kwalba ta karkace a kan bel, layi ya tsaya, ma'aikaci ya miƙa hannu ya tayar da ita, ya danna maɓalli, aiki ya ci gaba. Ba wanda zai ɗauki alƙalami domin minti ɗaya, amma in hakan ya auku sau talatin, rabin sa'a ke nan ta tafi ba tare da alama ba.

Masu hikima sun bi matakai kafin su magance wannan. Masaƙar da Sakichi Toyoda na Japan ya kammala a 1924 tana tsayawa da kanta in zare ya tsinke, ta yadda mutum ɗaya ke iya lura da masaƙu da dama. A 1968 kuwa, kamfanin General Motors na Amurka ya nemi a ƙera masa na'urar sarrafa injuna wadda ake sauya mata umarni ba sai an kwance wayoyi ba, Dick Morley da abokansa suka samar da Modicon 084. Da yake irin wannan na'ura ita ke umartar inji ya motsa ko ya dakata, babu motsin da ke ɓoye mata, saboda haka da aka sada ta da kwamfuta sai ta zama marubuciyar da ba ta mantuwa. A 1994 Masahiro Hara na kamfanin Denso ya ƙirƙiro lambar QR domin bin sawun kayan mota, wadda ke ɗaukar alƙaluma fiye da 7,000, alhali lamba mai layi-layi haruffa wajen 20 take ɗauka.

Fa'idar tana bayyana wajen hisabi, bisa mizanin da Seiichi Nakajima ya yaɗa. In inji ya yi aiki kashi 90 cikin 100 na lokacinsa, da kashi 90 na saurinsa, kashi 90 na kayansa kuma suka fito lafiya, mai shi zai zaci al'amari ya kyautatu, amma in aka ninka ukun da juna, abin da zai rage bai kai kashi 73 ba.

Sai dai wajibi ne a yi hattara, domin na'ura tana shaida cewa inji ya tsaya, amma sau da yawa ba ta san ko kaya ne suka yanke ko ana jiran makanike ba. Ma'aikaci ne zai zaɓi dalili a allo, kuma in ya lura cewa da lissafin ake zaftare masa albashi, zai zaɓi dalilin da zai kuɓutar da shi, ƙarya ta shiga kwamfuta ta fito da rigar gaskiya. Don haka mai neman dacewa ya fara da injin da ya fi riƙe aiki, ya daidaita agogon na'urorinsa, ya kafa allon a inda ma'aikata za su gani da idonsu, kuma kowace safiya ya zauna da su a kan tsaiko mafi yawa har a gano maganinsa, kafin ya kashe kuɗi a kan inji na biyu.