ABIN DA YA SA KUNNE KE BUKATAR WUYA: YADDA AKE ƊAUKAR SAUTI MAI BIN JUYIN KAI

Duk wanda ya taɓa tsallaka titi a Oshodi ko Idumota ya sani, da zarar an danna masa oda, abin da yake fara yi shi ne ya ɗan juya kansa. Jama'a da dama na tsammani don ido ya gani ne kawai ake yin haka. To, ashe shi ma kunne yana da rabonsa a cikin wannan waiwaye, kuma wannan ɗan al'amari shi ne ya daɗe yana ba injiniyoyin ɗaukar sauti wahala a ƙasashen Turai da Amurka.

Allah Ya yi wa mutum kunne biyu, ga kai a tsakani. Idan sauti ya taso daga dama, zai riga isa kunnen dama, sa'an nan ya kewaya kai ya isa na hagu, ya kuma isa da ɗan rauni. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda, saboda haka ratar da ke tsakanin kunnuwan ba ta kai kashi ɗaya bisa dubu na sakan ba. Amma da wannan 'yar ratar ce, da bambancin ƙarfin sautin, ƙwaƙwalwa ke gane ta inda ake magana. Wani masani na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana wannan tun cikin 1907.

KAN MUTUM-MUTUMI

Da masana suka gane haka sai suka ce, to, me zai hana a ɗauki sauti kamar yadda kunnuwa biyu ke ji? Tun cikin 1881 wani Bafaranshe, Clément Ader, ya jera makirufo a gaban dandalin gidan waƙa na Faris, ya ja waya zuwa wurin wani baje koli, inda mutane ke kara kan tarho biyu, ɗaya a kowane kunne. Daga baya aka shiga ƙera kan mutum-mutumi, a sa masa makirufo a gurbin kowane kunne. A baje kolin Shikago na 1933, kamfanin tarho na Bell ya nuna wani irinsa mai suna Oscar. Cikin 1973 kuma kamfanin Neumann na Jamus ya fito da nasa, KU 80, wanda gidajen rediyon ƙasar suka yi wasannin kwaikwayo da shi.

Wanda ya saurari irin wannan ɗauka da iyafis, watau 'yan lasifikan da ake sawa a kunne, yakan ji kamar an kai shi wurin da aka yi abin. Sai dai akwai cikas biyu. Na farko, abin da aka ɗauka a gaba sau da yawa akan ji shi a baya, ko kuwa a tsakiyar ka. Na biyu, idan mai sauraro ya juya kansa, sai duk makaɗan da ɗakin da suke ciki su juya tare da shi, abin da ba ya faruwa a duniya.

GABA KO BAYA

Dalilin cikas na farko ba shi da wuyar ganewa. Sautin da ke gabanka sak, da wanda ke bayanka sak, duk lokaci guda suke isa kunnuwa biyu. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne na ɗan taimakawa wajen rarrabewa, amma kunnen kowa daban yake, na mutum-mutumin kuwa ba naka ba ne. Babbar dabarar da ta rage ita ce motsi. Ka juya kai dama kaɗan: in sautin a gaba yake, kunnen hagu ne zai matsa kusa da shi, in a baya yake, na dama ne. Nan take ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, ba tare da mutum ya san an yi wani lissafi ba.

Hans Wallach, haifaffen Jamus da ya koma Amurka, ya tabbatar da haka cikin 1940. Ya zaunar da mutane gaban jerin lasifika, ya haɗa kawunansu da wani makunni, yadda in mutum ya juya kai, sautin zai yi gaba zuwa wata lasifikar da ninki biyu na juyin. Sai ga mutanen suna cewa sautin a bayansu yake, a tsaye wuri guda, alhali kuwa a gabansu yake. Watau ƙwaƙwalwa ta fi gaskata motsi bisa sauran alamu.

To, shi kan mutum-mutumi ba ya waiwaye. Yadda aka kafa shi ranar ɗauka, haka ya ji, kuma abin da ya ji kaɗai ke cikin faifan. Babu wata dabara da za ta fitar da abin da kunnuwansa za su ji da a ce ya juya, domin ba a ɗauka ba. Wannan shi ne ƙashin bayan matsalar.

MAFITA IRI UKU

Abu na farko da ake bukata shi ne na'urar da za ta riƙa gaya wa kwamfuta inda kan mai sauraro ya fuskanta. Yau 'yar mitsitsiya ce, irin wadda ke juya hoton wayar hannu in an karkata ta. Abu na biyu, kuma mafi wuya, shi ne sautin da zai yarda a juya shi.

Hanya ta ɗaya ita ce a ajiye kowace murya daban, kwamfuta ta riƙa lissafa yadda za ta isa kowane kunne duk sa'ad da kai ya motsa. Hukumar NASA ta Amurka ta yi aiki da wata na'ura mai yin haka, Convolvotron, a ƙarshen shekarun 1980. Wannan ta dace da wasannin kwamfuta, amma ba ta dace da taro ko kasuwa ba, inda muryoyi ba su ƙidayuwa.

Hanya ta biyu ta Michael Gerzon ce, masanin lissafi na Oxford, da abokan aikinsa, cikin shekarun 1970. Sunanta Ambisonics. Makirufo huɗu ake haɗawa wuri guda su ɗauki sauti ta kowace fuska, daga baya a juya shi da lissafi kamar yadda ake juya faranti. YouTube ya karɓi wannan tsari cikin 2016 don bidiyon da ake kallo ta ko'ina.

Hanya ta uku ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis cikin 2004, ta hannun Ralph Algazi da Richard Duda da Dennis Thompson. Sun ɗauki ƙwallo mai girman kan mutum, suka kewaye shi da makirufo, takwas ko goma sha shida. In mai sauraro ya juya, sai na'ura ta miƙa wa kowane kunne sautin makirufon da ke daidai inda kunnen ya koma. In ya faɗa tsakanin biyu, ta gauraya su. Watau maimakon kai guda mai kunne biyu, an sami kai mai kunnuwa ta ko'ina.

Kowace hanya aka bi, tilas a yi sauri. In jinkirin ya kai kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum zai ji sautin na jan ƙafa a bayan kansa, daɗin ya gushe.

A YI HATTARA

Cikin 2020 kamfanin Apple ya sa wannan fasaha a iyafis ɗinsa na AirPods Pro, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu. Amma mai saye ya lura: in waƙar da ya kunna ɗaukar hagu da dama ce kurum, iyakar abin da na'urar za ta yi shi ne ta tsayar masa da ita kamar lasifika biyu a gabansa. Ba za ta kai shi wurin da aka yi kiɗan ba.

Masu ɗaukar sauti don tarihi su ne ya fi kamata su yi tunani. Biki ko wa'azi ko wasan wani tsohon makaɗi sau ɗaya ake yinsa. In da kunne biyu aka ɗauka, duk wanda zai saurara nan gaba da sandararren wuya zai saurara. In kuwa an ɗauka ta kowace fuska, jikokinmu za su iya waiwayawa su ji wanda ke guɗa a bayansu.