Pampo mai ɗiga: gyara shi da hannunka

Jama'a, kowa ya san ruwa abu ne mai wuya a Damagaram. Garin bisa dutse yake zaune. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Nasara suka maida babban birni Yamai a 1926. Daga nesa ake jawo shi, kamar Gogo da Arunguza. To, don mi za mu bar pampo shina ɗiga?

Aza ƙwarya ƙarƙashinsa da dare. Da safe ka ga abin da kake biya a banza.

Yawanci ƴar roba ce ta ciki ta cinye. Fara rufe ruwa daga wajen kwantar. Buɗe pampo, sauran ruwan ya tsiyaye. Sa kile ka kwance kansa, kana riƙe da jikinsa don kada tiyo ya murɗe. Ƴar robar tana can ƙasa, baƙa, kamar kwabo. Cire ta, ka wanke rairayin da ya taru. Tafi da ita kasuwar Dole, a ba ka daidai ita. In babu, yanka wata daga tsohuwar robar taya. Maida, ka ɗaure, ka sako ruwa.

A gaya ma yara su daina matse pampo da ƙarfi. Shi ke cinye robar.