Ciwon daji: a ciyar da marar lahiya kahin a yi mishi hiɗa

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana cin jikin mutum tun kahin a gane shi. Marar lahiya ya daina jin yunwa. Abinci ya daina yi mishi daɗi a baki. Wani ko, ƙari ne ke tare mishi maƙogwaro ko hanji, loma ba ta wucewa. Shi ya sa mutane da yawa ke isa asibiti a rame, riga ta yi musu yawa.

A Nijar, ciwon dajin nono da na bakin mahaifa su ne suka hi kama mata. Cikin maza, na hanta yana da yawa. Manyan asibitocin Yamai, Damagaram da Maraɗi suna yin hiɗa don cire ƙari. A shekarar 2021 kuma, cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji da ke Yamai ta samu na'urar gasa ciwon da haske. Amma komi gwanintar likita, zare kawai yake sawa. Jiki ne ke haɗe nama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mi rama ke jawowa?

Wanda aka yi wa hiɗa yana rame, ciwonshi yana daɗewa bai warke ba. Ɗinki na iya kwancewa. Wurin na iya yin mugunya, zazzaɓi ya biyo baya. Kwanan asibiti ya ƙaru, kuɗin magani ya ƙaru, ga gona da bisashe an baro gida.

Likitoci suna da ma'auni. In mutum ya rasa kashi 1 cikin 10 na nauyinshi cikin wata 6, ramar ta yi tsanani. Misali, wanda yake da kilo 60 ya koma kilo 54 ko ƙasa da haka. Irin wanga, likita na iya jinkirta aikin da kwana 7 zuwa 14, don a ciyar da shi tukuna. Wasu dangi kan yi hushi, su ce an yi banza da su. Wanga jinkiri yana cikin magani. Sai dai in aikin na gaggawa ne, kamar hanji ya toshe, nan ba a jira.

Don haka, a auna marar lahiya a gidan likita mahi kusa, a rubuta kilo da ranar a takarda. A sake aunawa kowane mako. Ranar tahiya asibiti, a nuna wa likita takardar.

Mi za a ba shi?

Kunun hatsi tsarara yana cika ciki, amma bai isa ya gina nama ba. A ƙara mishi garin ƙuli-ƙuli, ko madara, ko cokali guda na man gyaɗa ko man shanu. Abincin da ke gina nama akwai shi a ƙauye: wake, gyaɗa, ƙwan kaza da na zabo, nono, cuku, kihi, nama da hanta. Ganyen zogala, miyar kuka, mangwaro, lemu da dabino su ma suna taimako.

Marar lahiya ba ya iya cinye akushi guda. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini. In haɗiya na yi mishi wuya, a dama tuwo da miya ya yi ruwa-ruwa, a daka nama ya yi laushi. Wanda ya kwana da yawa bai ci komi ba, a fara da ɗan kaɗan bisa shawarar likita, don cika mishi ciki gaba ɗaya yana da hatsari.

Makiyaya su tafasa madara kahin su ba shi. Ruwan sha ya zama mai tsabta. Gyaɗa ko masara da ta yi hunhuna, a zubar da ita: tana da dahin da ke ɓata hanta. A bar taba.

Wasu na cewa ƙwai, nono da gyaɗa suna sa ciwo ya yi mugunya. Wasu na cewa in an ciyar da marar lahiya, ƙarin aka ciyar. Duka ba gaskiya ba ne. Ƙwayoyin cuta ke kawo mugunya, kuma jikin da ke da yunwa ya hi kasa korar su.

A asibiti

Ranar aiki, ana barin abinci awa 6 kahin allurar barci. Likita zai faɗi lokacin da za a bar shan ruwa. Kar mai jinya ya ba da hura a ɓoye don tausayi: amai na iya shiga huhu. Bayan aiki, mutane da yawa suna iya fara sha da ci da wuri. A tambayi likita ranar da za a fara.

Wanda ba ya iya haɗiya, ana sa mishi ɗan tiyo ta hanci zuwa ciki, a riƙa zuba mishi abinci mai ruwa. Kar dangi su ji tsoron tiyon. Ƙarin ruwa na yau da kullum da ake sawa a jijiya ba ya maye abinci.

Hankali kwance, ciki ya buɗe

Mai baƙin ciki ba ya cin abinci. Ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka kar a ware wa marar lahiya kwano. A zauna a ci tare da shi, a yi hira. A tambaye shi abin da yake marmari. Kar a tsawata mishi in ya kasa. In zahin ciwo, amai ko gyambon baki suka hana shi ci, a gaya wa likita, akwai magani. Ya riƙa kurkure baki, ya ɗan taka cikin gida kullum.

A asibiti, sau da yawa dangi ne ke kawo abinci. Mai gida da ke haɗa kuɗin mota da na magani ya ware kuɗin cimaka. Cikin guzuri a sa garin hatsi, ƙuli-ƙuli, wake da cuku. In za a saida dabba, a bar akuyar da ke ba da nono: marar lahiya zai buƙace ta in ya komo gida.