YADDA ZA A YI DA WAYAR DA GILASHINTA YA KWARZANE

'Yan'uwa manoma, yau a ƙauyukanmu wayar hannu ta shiga sahun kayan aiki, kamar fartanya da garma. Da ita ake jin farashin masara a kasuwa kafin a ɗauki buhu. Da ita ake karɓar kuɗin amfanin gona. Sakatarori da ma'ajin ƙungiya da yawa kuma a cikinta suke ajiye sunayen membobi da lissafin bashin taki. Amma wayar manomi tana shan wahala fiye da ta ma'aikacin ofis. Kafin ta shekara sai ka ga fuskarta duk ta yi zane-zane, in ka fita rana da ƙyar ka karanta lamba.

Daga nan sai shawarwari su yi yawa. Wani ya ce a shafa man goge baki, wani ya ce toka, wani ya ce man gyaɗa. Kafin ku gwada ko ɗaya, bari mu duba abin da ke kwarzane gilashi, da abin da ke gyaruwa a gida, da abin da ba ya gyaruwa.

ME KE KWARZANE GILASHI?

Ƙa'idar guda ɗaya ce: abu ba ya karce wani abu sai in ya fi shi tauri. A shekarar 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu bisa ga taurinsu, daga lamba 1 zuwa 10. Har yau da ma'auninsa ake aiki. Farcen mutum yana wajen 2 da rabi. Wuƙar ƙarfe da gilashin taga suna wajen 5 da rabi. Gilashin yawancin wayoyi yakan fara nuna alama a lamba 6. Lu'ulu'u shi ne na 10.

To, a lamba 7 akwai farin dutsen nan mai ƙyalli da muke kira ƙanƙara. Yawancin yashin rafi da rairayin gona ɓarɓashinsa ne. Ƙurar hunturu ma, wadda iska ke kwasowa daga hamadar Sahara, tana ɗauke da shi da yawa. Watau ƙwayar yashi guda ta fi gilashin wayarka tauri.

Mutane sukan ɗora wa makulli da tsabar kuɗi laifi. Gaskiya ita ce ƙarfen makulli bai kai gilashin tauri ba. Yashin da ke ƙasan aljihu shi ne mai ɓarnar, makulli kuwa danna shi kawai yake yi a kan gilashin. Haka kuma in ka goge waya da bakin rigar da ka yi noma da ita, ka goga mata samfefa ke nan ba ka sani ba.

FUSKAR WAYA HAWA-HAWA CE

Abin da yatsanka ke taɓawa ba abu ɗaya ba ne.

Na farko, wayoyi da yawa sukan zo daga kamfani da wata siririyar leda manne a fuska. Waɗansu kuma tun a shago ake manna musu gilashin kariya, wanda masu sayar da waya ke kira sikirin gad.

Na biyu, a kan gilashin kansa akwai wani shafe wanda ido ba ya gani. Aikinsa hana maiƙon hannu kamawa, shi ne kuma ke sa yatsa ya yi sulɓi. Kana iya gwada shi. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a tsakiyar fuskar. In ya dunƙule kamar raɓa a kan ganyen gwaza, shafen yana nan. In ya baje, ya riga ya goge.

Na uku shi ne gilashin, wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Ba irin na taga ba ne. Kamfanin Corning na Amurka, mai yin gilashin da ake kira Gorilla Glass, wanda aka fara sa wa waya a 2007, yakan tsoma shi cikin narkakken gishirin fotashiyam mai zafin kusan digiri 400. Fotashiyam ɗin nan kun san shi, shi ne harafin K da ke jikin buhun takin NPK. A cikin zafin, ƙananan ƙwayoyin sodiyam sukan fita daga fatar gilashin, manyan ƙwayoyin fotashiyam su shiga gurbinsu. Kamar a cire ƙwayar gero ne a cusa ta dawa a raminta. Fatar sai ta matse tam, ta yi wuyar tsagewa. Amma kaurin wannan fata mai ƙarfi kamar na silin gashi ne kawai. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

FARA DA BINCIKE

Kashe wayar. Hure ƙurar da ke kanta tukuna. Sa'an nan ka sami tsumma mai laushi mai tsabta, irin wanda ake goge tabarau da shi, ka ɗan jiƙa gefensa da ruwa, ka matse, ka goge a hankali. Kada ka zuba ruwa a kan wayar. Sau da yawa abin da ake tsammani kwarzane ne, busasshen gumi ne, ko kuwa ƙarfen makulli ne ya bar zane a sama, kamar yadda alli ke bari a allo. Irin wannan yakan fita da gogewa.

In zanen bai fita ba, haska tocila daga gefe, ka duba bakin fuskar da kyau. Akwai leda ko gilashin kariya? In akwai, ka yi sa'a. Ɗaga shi daga kusurwa da farce, ka ɓare, ka sa sabo. Magana ta ƙare.

In kuwa a kan gilashin wayar ne, ja farcenka a hankali ka ƙetare zanen. In farce ya wuce bai ji kome ba, kwarzanen ƙarami ne, watakila ma a kan shafen nan kaɗai ya tsaya. In farce ya sarƙe, ramin ya yi zurfi, ba kuwa abin da za ka shafa a gida ya fitar da shi.

HANYA BIYU CE KAWAI

Kwarzane rami ne, kamar ɗan kwarin da ruwan sama ke yankawa a gona. Haske yana bugun gefen ramin ya watse, shi ya sa kake ganinsa fari. Kowane manomi ya san kwari ba ya sharuwa da tsintsiya. Ko dai ka kankare ƙasar da ke kewaye har ta yi daidai da gindin kwarin, ko kuwa ka cike shi. Haka yake ga gilashi.

Duk maganin da aka ce a goga, hanyar kankarewa ce. Ga yadda suke:

Man goge baki. Akwai ɗan gari mai kaushi a ciki domin wanke haƙori. Yana iya rage zane a kan roba, kamar fuskar tsofaffin ƙananan wayoyi masu madannai, gama roba tana da taushi. A kan gilashi mai tauri ba ya cin ramin. Abin da yake ci shi ne shafen hana maiƙo. Ka gama, zane yana nan, wurin kuma ya dushe yana kama shatin yatsa.

Hodar yin burodi da ake kira bekin soda. Taurinta bai wuce na farce ba. Aikin banza ne, ga kuma haɗarin ruwa ya shiga ramin sifika.

Toka, kanwa, hodar wanke tukwane da samfefa. Waɗannan a bar wa gindin tukunya. Tokar murhu ba ta rabuwa da yashi. Zane ɗaya kake kuka da shi, za ka tashi da ɗari.

Man gyaɗa ko basilin. Mai yakan kwanta cikin ramin, zanen ya ɓace na ɗan lokaci. Da ka goge ya komo, kafin nan kuwa man ya tara ƙura.

Akwai gari guda ɗaya da yake cin gilashi da gaske. Sunansa siriyam oksaid, da shi masu yin tabarau da madubi suke sa gilashi ya yi sheƙi. Ana dama shi da ruwa kamar koko, a toshe dukan ramukan waya da salatif, a yi ta gogawa da ƙyalle mai kauri, ana zagayawa, ba a barin wurin ya bushe ko ya yi zafi. Yana fitar da ƙaramin zane. Amma ku dubi kuɗin da ake biya. Shafen hana maiƙo ya tafi ke nan a wurin. In aka daɗe a wuri guda, gilashin yakan yi ɗan loɓa, rubutu ya riƙa karkacewa. Ana kuma rage fatar nan mai ƙarfi da muka ambata, wadda ita ce ke tare tsagewa ran da waya ta faɗi. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Wannan aikin gwani ne, ba na mai waya ɗaya tak wadda kuɗin ƙungiya ke cikinta ba.

HANYAR CIKEWA ITA CE TAMU

Gilashin kariya yana da siririn danƙo a bayansa. In aka manna shi da kyau, danƙon yakan shiga ƙananan ramukan ya cike su. Haske ya daina watsewa, yawancin ƙananan zane sai su ɓace wa ido. Ramin yana nan a ƙasa, amma ba ka ganinsa, yatsanka ba ya jinsa, sabon yashi kuma ba ya kai gare shi. Ga shi kuma sabon gilashin yana zuwa da nasa sulɓin. Kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na canja fuskar waya gaba ɗaya.

Ga yadda ake mannawa:

1. Sayi wanda aka yanka domin irin wayarka. Faɗa wa mai shago suna da lambar wayar, ka ɗora ka gani kafin ka biya. In wayarka tana karanta zanen yatsa ta cikin fuska, ka faɗa masa, gama ba kowane iri ke yi da ita ba.

2. Zaɓi ɗaki mai sumunti, da sassafe kafin iska ta tashi. Rufe taga, kashe fanka, yayyafa ruwa a ƙasa kamar za a yi shara, ka jira ƙura ta kwanta.

3. Wanke hannu da sabulu, ka bushe shi sarai.

4. Kashe wayar. Goge fuskar da jiƙaƙƙen ƙyallen da ke cikin kwalin, sa'an nan da busasshen.

5. Haska tocila. Duk ƙwayar ƙurar da ka gani, ɗauke ta da ɗan guntun salatif. Ƙwaya ɗaya in ta saura za ta bar kumfar da ba ta fita.

6. Ɓare ledar bayan gilashin, ka riƙe shi ta gefe. Kada yatsa ya taɓa danƙon.

7. Daidaita shi da ramin jin magana da gefuna biyu, ka sake shi a hankali, ka danna tsakiya. Za ka ga yana kamawa da kansa.

8. In kumfar iska ta rage, naɗe katin banki da tsumma, ka tura ta zuwa gefe.

Abu biyu na lura. Za ku ga an rubuta 9H a kwalin. Wannan ba lamba 9 ta ma'aunin Mohs ba ce, ma'aunin taurin fensir ne. Yashi yana karce gilashin kariya kamar yadda yake karce na waya. Bambancin shi ne wannan ana ɓare shi a yar. Na biyu, akwai irin wanda ake zuba masa danƙo mai ruwa, a busar da wata 'yar fitila, domin wayoyi masu lanƙwasasshen gefe. Yana cike zane sosai, amma in danƙon ya gangara cikin ramin jin magana ya toshe shi. A bar wa mai gyara.

LOKACIN ZUWA WURIN MAI GYARA

In gilashin ya tsage, ko baƙin tabo kamar tawada ya fito, ko layuka masu launi sun bayyana, ko wani gefe ya daina jin yatsa, wannan ya wuce kwarzane. Kafin ka miƙa wayar, cire layinka da katin ajiya. Kwafe lissafin ƙungiya cikin littafi. Kada ka ba kowa lambar sirrin banki. Ku yi ciniki tun kafin a kwance wayar.

Gilashin da ke kan kyamara kuma kada a goga masa kome sai tsumma mai laushi. In ya dushe, hoton ganyen da za ka aika wa malamin gona domin ya gane cuta ba zai fito ba.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ware wa waya aljihu guda, kada kome ya shiga sai ita, ka riƙa juya shi kana kakkaɓewa. In za ka gona, sa ta cikin 'yar jakar yadi mai zuge, ka rataye a inuwa. Mata masu ɗinki a ƙungiya suna iya ɗinka irin wannan da ragowar yadi. Kada ka kife ta a ƙasa, ko a kan buhu, ko kan dakalin sumunti. Nisanta ta daga masussuka, da injin niƙa, da wurin da ake wasa fartanya. Kullum a hure kafin a goge. Rigar roba mai ɗan tudu a baki tana hana fuskar taɓa ƙasa, amma a riƙa cire ta ana wankewa, gama yashi yakan ɓuya a ciki.

DOMIN TATTAUNAWA A TARON ƘUNGIYA

1. Membobi nawa ne wayarsu ba ta da gilashin kariya? A rubuta irin wayar kowa.

2. Za mu iya haɗa kuɗi mu sayo a sari, kamar yadda muke yi da taki da iri?

3. Wane saurayi ko budurwa ne a cikinmu zai koyi mannawa, ya riƙa yi wa sauran?

4. In wayar sakatare ko ta ma'aji ta lalace yau, lissafinmu yana rubuce a littafi?